Jinin Yaya a Takardar Auta

Sau uku Uwar Makullai tana kama Auta zaune a kan tulin zannuwan gado. A na ukun ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa kowa a ɗakin wankin ya san magana ta lalace. Ita wannan Uwar Makullai ita ce shugabar masu wanki da guga na otal ɗin, kuma sunan ya fito ne daga damin makullan da ke lilo a ƙugunta, waɗanda ke shelar zuwanta tun tana kan matakala. Ranar kuwa damƙe su ta yi a tafin hannu don kada su yi ƙara. Ku ji mugunta.

"Ranki ya daɗe," ta ce wa Auta, "a kawo matashin kai ne, ko haka ma ya yi?"

Auta ta yunƙura za ta miƙe, cinyoyinta suka ce ba su san zancen ba. Sai da ta dafa teburin guga da hannu biyu, ta taso a hankali kamar tsohuwa, ita da shekara arba'in da ɗaya kacal.

Shekararta sha ɗaya tana guga a wannan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Ba taga ko ɗaya, sai dogayen fitilu da tururi da rugugin injuna. Tana shiga gari bai waye ba, tana fitowa duhu ya sauka. Wata bakwai ke nan ƙasusuwanta suna mata tsiya: ƙugu, haƙarƙari, ƙwauri, duk suna tsami kamar an kwana ana dukanta da muciya. Ta sha maganin ciwon jiki har mai kantin magani ya daina tambayarta me take so.

"Dokar gidan nan kin san ta," in ji Uwar Makullai. "Mai ciwo ta kawo takardar likita da sakamakon gwaji, a riƙe mata gurbinta. Mai lalaci ta kawo mini makullin kabad ɗinta. Daga yau kina hutu ba albashi. Juma'a ta sama, ƙarfe huɗu, zan rufe jadawalin aikin wata. In ban ga takarda ba, wani suna zan rubuta."

Kowa ya san wane suna ne. Ƙanwar mijin Uwar Makullai ce, wadda ta yi wata biyu tana zuwa wai gaisuwa, tana shafa teburin Auta da ido. Su kuma mutanen gidan Auta, 'ya'ya biyu 'yan makaranta da miji mai gyaran agogo a zamanin da kowa ke duba lokaci a waya, a kan wannan teburin suke tsaye gaba ɗayansu.

Talata da sassafe tana asibiti. Likitan matashi ne mai tabarau, wanda bai cika magana ba. Ya danna mata ƙwauri da babban yatsa, ta yi ƙarar da ta sa wata nas ta leƙo. Ya ce ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba, ta kasa. Ya rubuta 'yar takarda ya miƙa mata.

"A duba miki bitamin D a jini. Ina zargin ya yi ƙasa ƙwarai. Ki kawo mini sakamakon, sannan in rubuta wa wurin aikinki."

Ta fito da murnarta, ta je tagar biyan kuɗi ta tura takardar tare da katin inshorar ma'aikata. Kashiyar ta duba, ta turo katin waje da ɗan yatsa ɗaya.

"Wannan ba ya ciki."

"Ba ya cikin me?"

"Inshorarku ba ta biyan wannan gwajin. Daga aljihunki za ki biya."

"'Yar nan, shekara sha ɗaya ana yankar mini albashi saboda katin nan. Ko ciwon kai ban taɓa kawo muku ba."

"Da ciwon kan kika kawo, Anti, da yana ciki. Na gaba!"

Da ta faɗa mata kuɗin, Auta ta sa ta maimaita. Ladan gugar kwana tara ne cif. Kwana tara a tsaye cikin tururi, don a cika 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Laraba gaba ɗaya a hanya ta ƙare mata. Ta shiga wannan bas, ta sauka, ta shiga waccan, takardar har ta yi laushi don ninkewa da buɗewa. Ɗakin gwaji na farko ya fi asibitin tsada. Na biyu suka ce injinsu ya lalace. Na uku ya rage mata daidai kuɗin motar da ta kashe kafin ta kai wurin. Ta zauna a tasha ta ƙirga abin da ke jakarta sau uku, ko za su haihu. Rabi da 'yan kai ne.

Akwai kuma wata matsala da ba ta gaya wa likita ba. Auta, wadda ke ɗaukar dutsen guga mai zafi kamar cokali, ba ta iya kallon allura. Ko a hannun wani ta gani sai duniya ta juya mata. Ran haihuwarta ta fari sai da ta ciji wata nas, har yau matar ba ta amsa gaisuwarta.

Da yamma ta nufi wurin Yaya. Yaya ita ce babbarsu, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ta da shekara shida, ta kuma ninka ta a baki. Bokitai da robobi take sayarwa a bakin shataletale, tun safe har rana ta faɗi, ba rumfa ba inuwa. Ta taɓa sayen babbar laima, wani mai wucewa ya taya, ta sayar masa.

"Ke kuma wa ya mutu?" in ji Yaya.

Auta ta kifa bokiti ta zauna, ta zayyane mata komai. Yaya tana ji tana murza gwiwarta.

"Ciwon ƙashi? Ai ni ma shi ke damuna. Jiya da kyar na ɗaga wancan bahon. Kin ga, na gidanmu ne. Inna ma haka ta yi ta fama."

"To ki cika mini kuɗin, Yaya."

"In cika miki, ni kuma in sha me? Ke a gano naki ciwon, ni in zauna da nawa?" Ta ƙanƙance ido. Duk wanda ya san Yaya ya san in ta ƙanƙance ido gara mutum ya tashi ya tafi. "Tsaya. Jini za su ɗiba, ko?"

"Jini."

"Ni da ke, uwarmu nawa?"

"Ɗaya."

"Ubanmu fa?"

"Yaya, wace irin tambaya ce wannan?"

"Nono ɗaya muka sha, kwano ɗaya muka ci, ciwo ɗaya muke yi. Jinina da naki mene ne bambancinsu? Don me za mu biya sau biyu kamar marasa wayo? Ki kawo rabinki, in kawo rabina, a auna sau ɗaya mu ji mu duka. Ke kuma ga ki matsoraciya. Ni zan miƙa hannu, takarda ta fito da sunanki. Kin huta da allura, na huta da cikon kuɗi, asibiti su ci kansu."

Auta ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna tsinin allura. Ta rufe bakin. Kafin ta kai gida ma har ta fara ganin Yaya ta yi kaifin kan da ya kamata a ce ta yi karatu.

Alhamis suka je asibitin tare, suka biya, suka zauna a benci. Aka kira sunan da ke takarda, Yaya ta miƙe tana gyara mayafi, Auta ta bi ta a baya riƙe da jaka kamar 'yar rakiya. Mai ɗibar jinin ta dubi takarda, ta dubi fuskar Yaya.

"Arba'in da ɗaya?"

"Wahala ce, 'yata," in ji Yaya, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ki yi aure ki gani."

Aka ɗaure mata dantse. Auta ta juya wa bango fuska, duk da haka sai da ta jingina da ƙofa, har mai ɗibar jinin ta ce a ba 'yar rakiyar ruwa. Aka ce su dawo Litinin.

Kwanakin nan Auta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta share ɗaki, ta sake sharewa. Ta goge kayan makarantar yara, ta goge rigunan maigidan har da wadda yake goge hannu da ita. Ta leƙa waya, ta ajiye, ta leƙa. Wata abokiyar aikinta ta kira ta tana raɗa, wai an ga ƙanwar mijin nan ta gwada rigar aiki a bayan injin busarwa, har tana tambaya ko akwai mai faɗin hannu. Maigidan ya ɗago daga cikin wani tsohon agogo ya ce, "Ki zauna mana, kina sa mini jiri." Ta ce in ta zauna wa zai tashe ta?

Litinin ta karɓi ambulan, ba ta buɗe ba, ta kai wa likita da hannu biyu. Yaya na waje a benci tana jiran jin rabonta na labari.

Likita ya buɗe. Ya karanta. Ya ɗaga tabarau ya sake karantawa.

"Talatin da takwas," ya ce.

"Ya yi muni sosai, Likita?"

"Lafiya lau ne. Ya fi nawa ma." Ya dube ta, fuskarsa ta canza. "To in ba wannan ba ne, sai mu nemi wani abu. Mace mai shekarunki, ƙashi na ciwo haka wata bakwai, ba abin wasa ba ne." Ya jawo takarda ya fara rubutu. Hoton ƙashi. Hoton ƙirji. Wani gwajin jini mai dogon suna, da wani mai suna biyu. "Kin rame kwanan nan? Kin taɓa jin wani kumburi a jikinki? A danginku akwai wanda ya yi ciwon daji?"

Biro na tafiya, Auta tana ganin kwanakin guga suna zubewa, ashirin, talatin, hamsin.

"Takardar wurin aiki fa?"

"Me zan rubuta? In ce lafiyarki ƙalau?"

Ta dubi ƙofa. Ta dubi silin. Ta murɗa bakin mayafinta har ya zama igiya.

"Likita, in an ɗebi jinin 'yar'uwar mutum, uwa ɗaya uba ɗaya fa, ba 'yan uba ba, ai duk ɗaya ne, ko?"

Biron ya tsaya.

"Jinin wa aka auna?"

"Na gidanmu ne."

"Baiwar Allah, hannun wa aka soka?"

Aka kira Yaya. Ta shigo da fara'arta, ta gaishe shi, ta ja kujera ba a ce ta zauna ba. Likita ya cire tabarau gaba ɗaya ya ajiye.

"Mama, wace sana'a kike yi?"

"Robobi, ɗana. In kana son baho mai kyau ka zo shataletale, zan yi maka ragi."

"A rana kike zama?"

"Tun fitowarta har faɗuwarta. Ni da ita mun saba."

Ya juya ga Auta. "Ke fa, yaushe rabonki da rana ta taɓa miki fata?"

Auta ta yi tunani da gaske. Ranar hutunta ɗaya ce a mako, ita ma a ɗaki take yinta tana gugar maƙwabta. Ta ce, "Sai dai kwanakin nan da aka kore ni."

"To ku saurara. Wannan abin ba gadonsa ake yi ba. Yawancinsa fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta. Ke kin kawo mini jinin wadda ta fi kowa shan rana a garin nan, kin sa sunan wadda ke zaune a rami. Saura kaɗan in aika ki neman ciwon da wataƙila ba ki da shi."

"Wato ni lafiyata ƙalau?" in ji Yaya, fuska ta washe. "To gwiwar fa?"

"Gwiwa shekaru ne da ɗaukar kaya, Mama."

"Shekarun wa? Arba'in da ɗaya ce a takarda."

Likita bai yi dariya ba, amma sai da ya juya ya yi tari. Ya yage jerin gwaje-gwajen, ya cire sakamakon daga fayil ɗin Auta, ya rubuta sabuwar takarda. Ya ce magani zai iya fara ba ta ko yau, amma hannunsa ba zai hau takardar wurin aiki ba sai ya ga jininta na kanta. Kwana uku ake yi. In ta bayar gobe da safe, Juma'a ya fito.

"Kuɗin kuma?" ta tambaya da ƙaramar murya.

"Sabo fil."

A bakin asibiti aka yi ta. Auta ta ce Yaya ta mayar mata da rabinta, tunda ita ta ci moriyar gwajin. Yaya ta dafe ƙirji.

"Ni? Ni da aka zuƙe wa jini? Kwana biyu ina ganin jiri saboda ke! Ai ke ya kamata ki biya ni."

"Shawarar wa ce?"

"Kunnen wa ya ɗauka?"

Suka rabu ba sallama. Auta ta tafi gida tana tafe tana tsayawa, ta buɗe akwati, ta rufe, ta zazzage gwangwanin maigidan, ba abin da ya faɗo sai ƙananan kusoshin agogo. Can da yamma sai ga Yaya ta turo ƙofa, ba ta dubi kowa ba, ta wuce kai tsaye wurin doguwar fankar da Auta ta saya bara, wadda ta daɗe tana yabawa.

"Wannan ta fara ƙara," ta ce. "Amma don ke ce zan saya."

Ta ajiye kuɗin gwajin daidai a kan tebur, ba ƙari ba ragi, ta naɗe wayar fankar, ta saɓa ta a kafaɗa ta fita. Mai ciwon gwiwa fa ke nan.

Sai kuma wani sabon tsoro ya kama Auta. In rana ce ke cika abin nan, ita kuma ta yi mako guda tana yawo a titi, kada fa ya cika kafin gobe, takarda ta sake cewa lafiyarta ƙalau. Talata da safe ta fito ta lulluɓe har yatsu, ga laimar maigidan a ka, tana bin gindin bango kamar wadda ake nema. Gari garau, ba hadari ba komai, mutane suna ta waiwayenta.

Mai ɗibar jinin ta gane ta nan take.

"A'a, 'yar rakiya! Yau ke ce da sunan?"

"Dama nawa ne."

"Likita ya gaya mana. Mun yi dariya har shugabanmu ya fito." Ta karɓe laimar ta jingine. "Rana ta mako ɗaya ba ta cika ramin shekara sha ɗaya, Anti. Kwanta nan, kada ki faɗo mini. Ki kalli bango ki gaya mini yadda ake goge riga mai kwala."

Auta ta rufe ido gam, ta fara: a fara da cikin kwala, daga gefe zuwa tsakiya, sannan kafaɗa, sannan hannu. Tana kan maɓallai aka ce ta danne audugar. Ba ta suma ba. Sai da ta tashi ta hango kwalbar a tire, sannan ta koma ta kwanta minti goma.

Juma'a tun ƙarfe tara tana benci. Aka ce sai sha biyu. Sha biyu aka ce mai sa hannu ya fita. Ta je taga, ta dawo, ta je ƙofa, ta dawo, har kashiyar ta ce za ta fara karɓar kuɗin sintiri. Biyu da rabi ambulan ya fito. Likita kuma yana da mutum shida a gabanta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, biyar suka yarda, wani tsoho ya ce shi ma ba wasa ya kawo shi ba, ya shiga ya yi minti ashirin yana ba da tarihin tarinsa.

"Takwas," in ji Likita da ya buɗe. "Wannan kam naki ne." Ya rubuta magani na wata uku, ya ce ta riƙa fita rana kullum ko na ɗan lokaci ne, ya rubuta takardar wurin aiki ya buga hatimi.

Ba ta jira bas ba, tasi ta tare da kuɗin cefanen gobe. Huɗu saura minti bakwai ta fara sauka matakalar otal, tana riƙe da ƙarfen gefe, kowane taki sai ta ce wash. Uwar Makullai na zaune da jadawali a gabanta, biro a hannu, layin teburi na uku, wato teburin Auta, ba sunan kowa a kai tukuna.

Auta ta ajiye takardun biyu a kan jadawalin.

Uwar Makullai ta karanta ta likita. Ta juya bayanta. Ta ɗaga ta saitin fitila ta duba hatimin.

"Takwas cikin nawa?"

"Ban sani ba. Na dai ga mai talatin da takwas tana ɗaukar fanka a kafaɗa."

"Ya ce mako biyu kina aikin zaune, ninkin tawul. Kuma a bar ki ki hau sama rabin awa da rana." Ta yi tsaki. "Otal ne nan ko gidan hutu?"

Injuna suna ta ruri, masu guga duk sun rage hannu suna saurare. Uwar Makullai ta juya biron sau biyu a yatsunta, ta dubi agogon bango, sannan ta sunkuya ta rubuta sunan Auta a layi na uku, da ƙananan baƙaƙe kamar tawadar ta kuɗinta ce.

"Litinin, ƙarfe shida. In kin makara, ko likitan ne ya goyo ki ba zan duba ba."

"Na gode. Sai maganar kwanakin."

"Waɗanne kwanaki?"

"Sha ɗayan da na yi a gida ba albashi. Tunda ciwo ne ba lalaci ba, ai sun zama hutun rashin lafiya."

"Ke! Yanzu aka fito da ke daga rami, har kin fara ciniki?"

"Dokar gidan nan kin san ta, ranki ya daɗe."

Wata daga bayan injin busarwa ta kasa riƙe dariya. Uwar Makullai ta ce wannan sai an cika fom, fom ɗin kuma yana ofishin sama, hawa na uku, kuma ƙarfe biyar suke rufewa.

Auta ta dubi matakalar, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Ara mini biron," ta ce.